Ɗangoggo Mai Wankin Hula da Ƙwayoyinsa Uku

Sunansa na yanka Abdulƙadir, amma ko shi kansa sai ya yi ɗan jim kafin ya amsa idan aka kira shi da shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye, ƙanwar ubansa ta ɗauke shi ta raine shi a wani ƙauye kusa da Malumfashi, shi ke nan sunan Ɗangoggo ya bi shi. Yana saurayi ya bi masu kai shanu kudu ya sauka Ikko. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya zauna a unguwar Obalende wajen wani tsoho Babarbare ya koyi wankin hula. A kan wannan sana'a ya tsufa.

Kayan aikinsa ba su da yawa: bokiti biyu, buroshi, sabulu, sitaci, sai gumaguman katako masu siffar kai da ake kifa hula a kansu ta bushe. Amma hannunsa na da albarka. Ma'aikatan gwamnatin tarayya 'yan Arewa, tun daga masinja har babban sakatare, wajensa suke aiko da hulunansu, don shi ba ya bari zare ya tashi ko launi ya zuba. Ga shi da barkwanci. In mutum ya kawo hula ta yi dauɗa da yawa, sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan wanki take so ko jana'iza?"

Matarsa Indo 'yar maƙwabtansu ce a ƙauye, tare suka tashi. Ya koma gida ya auro ta, ta biyo shi Ikko, suka zauna a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. Sun haifi 'ya'ya shida, uku suka rayu. Matan biyu suka yi aure a gida, autansu Hafizu ya zama direba a wata ma'aikatar tarayya. Indo ba ta yi karatun boko ba, kuma ba mai yawan magana ba ce. Abin da aka san ta da shi shi ne, in aka ba ta amanar abu, to an gama.

Shi ya sa lokacin da aka gano Ɗangoggo yana da ciwon suga, ita ta karɓi ragamar jinyar. Likitan asibitin unguwa, wanda ya daɗe da sanin su, ya ɗora mata wata farar ƙwaya a tafin hannu, ya ce ɗaya kowace safiya, kada a fasa ko da rana ɗaya, kuma a raba shi da zaƙi. Indo ta riƙe maganar nan kamar karatun sallah. Ta samo gwangwanin madara ta wanke ta zuba maganin a ciki. Ta kwashe sukarin gidan ta kai wa maƙwabta. Ɗangoggo yakan kurɓi shayi ya yamutsa fuska ya ce, "Indo, wannan ai ruwan wankin hula ne." Ita kuwa sai ta miƙa masa ƙwayar da kofin ruwa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Shekaru suka wuce a haka, jikinsa lafiya lau.

Ana nan sai maganar Abuja ta tashi daga zance ta zama gaske. Ma'aikatu suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Yau a ce wane an mai da shi sabon birni, gobe a ce wane ya kwashe iyalinsa. Gumaguman Ɗangoggo suka fara wuni babu hula a kansu. A ƙarshen shekarar 1991 fadar gwamnati kanta ta tashi, aka mai da Hafizu Abuja tare da ogansa. Ya kama ɗakuna biyu a Mararaba, ya dawo ya ce iyayensa su shirya.

Indo ba ta so ba. Ta saba da Obalende, ta san mai kifi, ta san mai gawayi, ta san ƙofar da za ta buga in dare ya yi mata tsawo. Amma Ɗangoggo ya ce, "Kawunan sun tafi, Indo. Zan zauna in wanke wa wa?" Kafin su tashi ta je asibitin unguwa ta yi bayani, aka haɗa mata magani na watanni, don ba wanda ya san abin da za su tarar a can. Katin asibitin kuwa, mai ɗauke da tarihin ciwon tun farkonsa, can aka bar shi. Ba wanda ya ce su tafi da shi, su ma bai zo musu a rai ba.

Abuja ta lokacin rabinta gini ne, rabinta daji. Tituna masu faɗi da ba su kai ko'ina ba, manyan motoci na jigilar yashi, duwatsu ta kowace fuska. Ɗangoggo ya sami gindin wata bishiyar mangwaro kusa da sakatariya a Garki, ya jera gumagumansa. Cikin mako biyu tsofaffin abokan cinikinsa suka gano shi. Wani ma da ya hango shi sai ya tsayar da mota ya fito ya rungume shi. Indo ta ga mijinta ya koma kamar saurayi. Kullum da sassafe ya hau bas daga Mararaba, da yamma ya dawo da labarai da tsarabar lemo.

Abin da ya dame shi ƙafafu ne. Tafin ƙafarsa yakan yi zafi kamar ya taka garwashi, wani lokaci kuma ya mutu murus. Hafizu ya kai shi wani asibiti a cikin gari, ya yankar masa sabon kati, ya zaunar da shi a layi. Layin ya yi tsawo, ga oga na jiran a kai shi taro, sai Hafizu ya ce, "Baba, in an gama ka jira ni a bakin ƙofa." Ya tafi.

Likitan matashi ne, ba ya jin Hausa sosai, ga mutane cike da baranda suna jira. Ɗangoggo ya nuna ƙafarsa ya yi bayani da ɗan Turancinsa na kasuwa. Aka gwada fitsarinsa da jininsa. Likitan ya tambaye shi ko yana shan magani. Shi kuwa ya ɗauka maganin ƙafa ake nufi, ya ce a'a. Aka rubuta masa wata ƙwaya doguwa, ruwan ɗorawa.

Da ya dawo gida ya miƙa wa Indo ƙunshin. Ta juya shi a hannu ta ce, "Malam, wannan na mene ne?"

"Na ƙafa mana. Ba don ƙafar na je ba?"

"To farar fa?"

"Farar ta suga ce, tana nan a matsayinta."

Indo ta zuba sabuwar a gwangwani kusa da tsohuwar. Daga ranar, kowace safiya biyu take ba shi.

Da farko abin bai nuna sosai ba. Wani lokaci da hantsi sai ya ji yunwa ta taso masa kamar zai faɗi, hannunsa na rawa, sai ya sayi gasasshiyar doya ko ƙosai ya ci, ya ji ya dawo daidai. Ya ce iskar Abuja ce mai sa cin abinci. Sai azumi ya kama, a tsakiyar zafin bazara. Ɗangoggo tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, kuma a Ikko da farar ƙwayarsa yake yi ba abin da ya same shi. Indo ta mai da maganin lokacin sahur.

A nan ne mutumin ya fara canzawa. Bayan azahar sai gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya fara ba wannan hular wancan, abin da bai taɓa yi ba. Wata ranar Asabar yana gida, Indo na tankaɗen garin kunu, ta tambaye shi ko a sa tsamiya da yawa. Sai ya zabura ya daka mata tsawa, ya shure ƙwaryar garin, ya kira ta da sunan goggonsa da ta rasu tun kafin a haifi Hafizu. Idanunsa a buɗe, amma kamar ba ita yake gani ba. Indo ta tsuguna tana tattara garin, hawaye na zuba a ciki. Sama da shekara arba'in suna tare, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Da aka kira magariba ya ci dabino ya sha kunu, sai ga shi ya dawo Ɗangoggon da ta sani. Ya dube ta ya ce, "Me ya sami idonki?" Ta ce hayaƙi ne.

Maƙwabta kowa da abin da ya faɗa. Wasu suka ce tsufa ne ya zo da ruɗewa. Wata tsohuwa ta ce ƙasar nan sabuwa ce, an sare itatuwa an fasa duwatsu, masu wurin ba su ji daɗi ba, a nemi tsari. Aka karɓo rubutu ya sha, aka yi hayaƙi. Indo kuwa tunaninta ɗaya: ko sugan ne ya tashi saboda dabino da kunun buɗa-baki? Sai ta rage masa dabinon, ta ƙara tsanantawa a kan magani.

A cikin haka tari ya kama shi. Hafizu ya biya wani kemis a bakin titin Mararaba ya ce tsohonsa na tari, aka ba shi wasu manyan ƙwayoyi farare, a sha safe da yamma. Mai kemis bai tambayi abin da tsohon ke sha ba, Hafizu ma bai faɗa ba. Ƙwayoyi suka zama uku.

Ranar da abin zai faru, tarin ya hana shi cin abin kirki da sahur. Ya kai loma biyu ya ture kwanon. Indo ta miƙo magani. Ya dubi tafin hannunta ya ce, "Indo, yau a bar su mana. Jikina yana gaya mini ƙwayoyin nan su ke sa ni jiri."

"Malam, likita ya ce kada a fasa ko da rana ɗaya."

"Likitan Ikko ya faɗa. Yana can, ina nan."

"Ni dai don Allah ka sha. In wani abu ya same ka, me zan ce?"

Ya yi murmushi ya ce, "To, hajiyar asibiti." Ya karɓa ya haɗiye duka ukun.

Bayan sallar azahar masu sana'a a gefen sakatariya suka ga ya jingina da bishiyar mangwaro, ya rufe fuska da hula. Azumi ne, kowa yana neman inuwa, ba wanda ya ga abin mamaki. Wani mai gyaran takalmi ya ji yana wani irin minshari, ya ce a ransa tsoho ya gaji. Sai da aka kira la'asar aka ga bai motsa ba, shi da yake riga kowa alwala. Aka ɗaga hular, aka tarar da kumfa a bakinsa, jikinsa sanyi ƙalau, rigarsa jiƙe. Aka yayyafa masa ruwa, aka yi ta kiran sunansa. Wani masinja da ya san Hafizu ya ruga ya nemo shi.

Indo na dama kunu aka zo aka ɗauke ta. A asibiti ta tarar an sa masa ƙarin ruwa, ido a rufe. A nan ta ga Mabel, maƙwabciyarsu a Mararaba, wata nas 'yar Filato da ke aiki a asibitin. Mabel ta yi makonni tana garinsu wajen jinyar mahaifiyarta, a makon nan ta dawo, ba ta san halin da ake ciki ba. Ta kama hannun Indo ta ja ta gefe, ta yi mata magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Mama, sugan Baba ya sauka ƙasa sosai. Wane magani yana sha a gida?"

"Na suga ɗaya, na ƙafa ɗaya, sai na tari."

"Na ƙafa? Mama, ka ba Hafizu makulli ya je ya kawo duka. Kada ya bar ko ɗaya."

Da gwangwanin ya iso, wani babban likita mai furfura, Dokta Thaddeus, ya juye shi a kan tebur. Ya ware ƙwayoyin kashi uku da bakin alƙalami, ya duba takardunsu, ya duba sabon katin. Sannan ya jawo kujera ya ce Indo ta zauna.

"Mama, wannan farar da wannan ruwan ɗorawar, aikinsu ɗaya ne. Dukansu na suga ne. Suna daban, launi daban, amma abu guda suke yi, sauke suga."

Indo ta ce, "A'a likita, wannan ta ƙafa ce."

"Ciwon ƙafar daga sugan yake. Wanda ya rubuta ta bai san Baba yana shan wata ba. Wannan ta tarin kuma, in ta haɗu da irin waɗannan, ƙara musu ƙarfi take yi. Ga shekaru, jikin tsoho ba ya fitar da magani da wuri kamar na yaro, sai ya taru. Ga azumi, ciki babu komai."

Ya tambaye ta ko Baba yakan yi gumi, ko rawar jiki, ko faɗa ba dalili. Ta gyaɗa kai. Ya ce duk alamun saukar suga ne, kuma a irin wannan lokaci abin da ake yi shi ne a ba mutum wani abu mai zaƙi nan take, ko da azumi a bakinsa, sannan a kawo shi asibiti.

Indo ta dube shi. "Zaƙi?"

"Ko cokali ɗaya na sukari a ruwa."

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta dubi tafin hannunta na dama, ta ce a hankali, "Da asuba ya ce in bar su. Ni na ce sai ya sha."

Dokta Thaddeus ya ce, "Mama, kin yi abin da aka ce ki yi. Mu ne ya kamata mu tambaya da kyau, mu ce a kawo mana abin da ke gida mu gani." Ta ji maganar, amma ba ta shige ta ba. Hafizu na tsaye a bakin ƙofa, ya juya fuskarsa ga bango.

Ɗangoggo ya farfaɗo bayan kwana biyu, sai dai ba duka ya dawo ba. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe babu abincinta a gindin bishiyar nan. Harshensa ya yi nauyi, hannun dama ya saki, kuma ba kowa yake ganewa ba. Bayan ƙaramar sallah aka sallame su da ƙwaya ɗaya tak, ƙarama, da sharaɗin sai ya ci abinci.

Indo ta yi jinyarsa kamar jariri. Ita ke masa wanka, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Ba da maganin ne kawai ya gagare ta. In ta ɗauko ƙwayar sai ta mayar da ita, don haka Mabel ce ke shigowa kowace safiya kafin ta tafi aiki ta ba shi. Abokan cinikinsa suka yi ta zuwa dubiya. Wasu su zauna su yi ta ba shi labarin Obalende, shi kuwa sai ya ƙura wa hular mutum ido, ya miƙa hannun hagu ya shafa ta, kamar yana duba ko ta isa wanki.

Wata rana da yamma, damina ta fara sauka, Indo ta fito da shi tsakar gida ya sha iska. Tana yanke masa farce sai ta ce, "Malam, ka yafe mini." Ya daɗe yana kallonta, bakinsa na motsi. Da ƙyar ya haɗa kalma biyu: "Ke... wace?" Ta ce, "Indo ce." Ya maimaita sunan, ya yi murmushi irin na wanda aka gabatar masa da baƙo mai kirki. Ta ci gaba da yanke farcen.

Ya rasu bayan babbar sallah da 'yan kwanaki, ciwon ƙirji ya ƙarasa shi. Bai cika wata bakwai a Abuja ba. Mutanen da suka raka shi sun ba 'yan unguwa mamaki, don motocin gwamnati sun cika layin har bakin titi. Aka binne shi a wata maƙabarta da ke wajen Karu.

'Ya'yanta mata sun so ta koma Malumfashi, ta ce a'a, inda aka ajiye shi nan za ta zauna. Bayan shekara biyu aka gano tana da hawan jini. Ta karɓi maganin ta jefa a masai. Sau biyu tana faɗuwa, Hafizu ya yi roƙo har ya gaji. Mabel ce ta zaunar da ita ta ce, "Mama, ba magani ne ya kashe Baba ba, rashin tambaya ne. In ka ƙi sha, kai ma za ka tafi, Hafizu ya zauna da biyu a zuciya." Washegari Indo ta ɗauki mayafi ta bi ta asibiti.

Tun daga nan ta zama mai tambaya, ita da da ba ta iya haɗa ido da likita. Duk abin da take sha, har jiƙon da ake kawo mata daga ƙauye, sai ta ƙulle a leda ta juye a gaban likita. Wannan na mene ne? Zai zauna lafiya da wannan? In ban ci abinci ba fa? In azumi ya zo fa? Wasu likitocin su yi haƙuri su amsa, wasu su nuna mata agogo, ita dai ba ta tashi sai ta ji. Tsofaffin layinsu suka riƙa neman ta raka su asibiti, takan kuma tsaya a ƙofar ɗaki ta ce a koma a ɗauko maganin da ke ƙarƙashin filo da na cikin aljihu. Ba ta taɓa gaya musu dalili ba, amma duk unguwar an sani.

Ta rayu har ta goyi 'ya'yan Hafizu biyu, Zahra da Yusra. Ita da Hafizu ba su taɓa zama sun yi maganar abin da ya faru ba, kowa ya bar nasa a cikinsa. Ba ta san takamaiman inda kabarin yake ba, gefen da maƙabartar take kawai ta sani. In suna cikin mota za su shiga gari aka zo daidai Karu, sai ta katse duk zancen da take yi, ta juya fuska wajen taga, leɓɓanta na motsi. Jikokin sun saba, su ma sai su yi shiru har a wuce.